Ki Zaɓa da Bakinki, Walida

Setapak, Kuala Lumpur

Assalamu alaikum, Walida.

Da sunan Allah nake farawa, Shi nake roƙo Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya da natsuwa, Ya tsare min ke a gida da waje, a kan hanya da kuma inda za ki sauka. Na san dariya za ki yi. Gida ɗaya muke kwana, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, amma ga Umma da wasiƙa har da gaisuwa. Yi dariyarki. Kin san halina, in na zaunar da ke da niyyar nasiha, kafin in kai tsakiya na koma faɗa, na tuno kwanukan da kika bari ba ki wanke ba, ke kuma ki sunkuyar da kai har in gaji don kaina. Takarda ba ta ɗaga murya. Kuma da gangan na rubuta da Hausa, ki zauna ki yi ta ɗingisawa da ita a hankali. Inda kika maƙale ki kira Abbanki ya warware miki, kada ki zo kina min yaren Malay a ƙofar ɗaki.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Makarantu biyu sun ba ki gurbi, kuma dukansu suna jiran amsa kafin watan nan ya ƙare. Ɗaya babbar jami'ar nan ce da na yi digirina na uku, wadda bas ɗaya ke sauke mutum a ƙofarta daga nan, ɗalibai kamar ranar kasuwa. Ɗayar kuma ƙaramar kwalejin nan ce ta Amurka da ta ɗauki nauyin karatunki, a wani ɗan gari mai sanyi wanda har yau bakina ya ƙi iya faɗar sunansa. An ce ɗalibanta gaba ɗaya ba su fi mutanen benenmu da na maƙwabtanmu ba, kuma ba a barin mutum ya kama fanni ɗaya sai ya ɗanɗana tarihi, ya ɗanɗana lissafi, ya leƙa falsafa tukuna. Ko wacce kika ɗauka, gidan nan dai za ki bari, don ta nan ɗin ma a ɗakin kwanan ɗalibai take ajiye 'yan shekarar farko.

Ranar Lahadi da na ja ki mamak, shagon abincin nan na ƙasan bene, mu biyu, na saya miki roti da shayin madarar nan da kike so, ai ba don yunwa na kai ki ba. Na tambaye ki wacce ranki ya fi kwanta mata. Kika yi ta juya cokali a kofi, sannan kika ce, "Duk wadda kika ce, Umma." Na zagayo ta wata hanyar na sake tambaya, kika sake miƙo min amsar nan, har da ɗan murmushi. Da yamma a wajen karatun mata na ba su labari. Maman Sadik, maƙwabciyarmu ta hawa na sama, ta riƙe haɓa ta ce a zamanin nan, a garin nan da yara ke amsa wa iyaye da Turanci, samun yarinya irinki sai an tona. Kowa ya sa miki albarka. Ba zan ɓoye miki ba, kaina ya kumbura, na dawo gida ina jin kamar ni aka ba gurbin.

Washegari ina cikin bas zan tafi aiki abin ya dawo min. Na san amsar nan, Walida. Ni na koya miki ita, kuma na san abin da ta ci min.

Bari in fara da ƙaramar makaranta, tunda ni ma na yi irinta, ko da yake tawa rana ce ke dukan ta ba ƙanƙara ba. Kwalejin horon malamai ce a wani ƙaramin gari can gida. Kowa ya san kowa. Shugaban makarantar ya taɓa aiki da kakanki, mai gadi ya san ranar da ake kawo min garin kwaki daga gida. Akwai daɗi a irin wannan wuri, kada wani ya ce miki babu. Da zazzaɓi ya kwantar da ni a shekarar farko, malamar da ke koya mana Turanci ce ta ga kujerata babu kowa, ta biyo ni har ɗaki da kunu a fulas. A lokacin nan kuwa uwarki ba ta san shiru ba. Bakin nan da kuke sha a gida, da shi nake shiga aji.

Wata rana malaminmu na kemistiri ya rubuta wani lissafi a allo ya yi kuskure. Ko hannu ban ɗaga ba, daga inda nake zaune na ce, "Malam, ai ba haka ba ne," kuma na yi dariya, ajin ya taya ni. Ni ce da gaskiya, har gobe ni ce da gaskiya. Ya dubi allo, ya goge, ya gyara, ya ci gaba da darasi. To amma shi kaɗai ke koyar da darasin nan tun daga shekarar farko har ta fita, babu wani ajin da zan koma. Bai kayar da ni ba, ba zan yi masa ƙarya ba, amma bai ƙara kiran sunana ba. In ɗaga hannu har ya yi tsami, ya tsallake ni ya kira na bayana. Kafin hutu labari ya riga ni isa gida. Kakanki ya sa ni gaba har zauren malamin, na durƙusa na ba da haƙuri. A hanyar dawowa magana ɗaya ya yi min, ya ce ɗalibi "to" yake cewa.

Don haka in ƙaramar kika ɗauka, ki sani babu wajen ɓuya a cikinta. Wanda kika ɓata wa rai da safe, da shi za ki ci abincin rana, wataƙila kuma shi zai rubuta miki takardar shaida ranar fita. In kin ga kuskuren malami ki faɗa masa, amma ki ɗaga hannu, ko ki bi shi ofis, kuma ki bar dariya a gida. Gyaran da na yi ba shi ne laifina ba, dariyar ce. Ni dai a lokacin ban iya raba su ba, sai na tattara su duka na zubar.

Da wannan "to" ɗin na yi digiri na farko, da ita na yi na biyu, da ita na sauka a garin nan ina riƙe da hannunki kina 'yar firamare, ƙannenki ɗaya a goye ɗaya yana jan zanena. Kin san yadda na zaɓi jami'ar? Ban duba komai ba sai abu ɗaya: akwai namu a can? Baban Sadik ya riga mu zuwa, ya ce wa Abbanki akwai Hausawa rututu, ga masallaci, ga wanda ke kawo daddawa da kuka daga Kano. Shi ke nan na cike takarda. Ban tambayi wa zai duba aikina ba, ban tambayi ɗalibai nawa ke hannunsa ba. Mace da digiri biyu, amma daddawa ce ta zaɓar min makaranta.

Allah Ya haɗa ni da Farfesa, wata dattijuwa 'yar Malay, gajera, mai sanyin murya, kin santa, ita ce take aiko muku da kek ranar sallah. Ƙofar ofishinta kullum da layi kamar na asibiti. Aikina shi ne tace ruwan rini da masana'antu ke zubarwa, da gawayin ɓawon kwakwar manja. A zamanmu na farko ta kawo shawarar hanyar da zan bi in sarrafa gawayin. Tun tana magana raina bai kwanta ba, don na taɓa gwada makamancin haka a gida bai yi ba. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Farfesa."

Na shiga ɗakin gwaji na yi ta yi. Ruwa ya shiga da launi ya fito da launi. In sake, ya sake. Duk sa'ad da layi ya zo kaina, ta tambaye ni yaya aiki, in ce yana tafiya. Ta ce madalla, ta kira na gaba. Ba laifinta ba ne, mutum nawa za ta bi? A babban wuri in ba ki yi kuka ba, ɗauka ake lafiya kike. Akwai wata 'yar Iran da muke teburi ɗaya, ita kuwa in ta shiga ofishin nan har waje ana jin muryarta, tana cewa ba ta yarda ba, a nuna mata dalili. Na dawo gida na ce wa Abbanki yau na ga yarinyar da ba ta samu tarbiyya ba. Marar tarbiyyar nan ta riga ni gamawa, har ta aiko min da hoton ɗanta na fari ina nan ina fama da ruwan rini.

Kin tuna shekarar da hayaƙi ya rufe gari aka rufe muku makaranta, kuka yini a gida tagogi a kulle? Kin tuna yadda nake dawowa in hau ku da faɗa a kan takalmi, a kan cokali, a kan ba komai? Ba ku kuka yi min laifi ba. Fiye da shekara na yi ina ɗauke da aikin da na san ya mutu, na kasa buɗe baki in faɗa wa mace ɗaya, sai in zo in sauke a kan yara.

Ranar da aka tara malamai in gabatar da inda na kai, nan asiri ya tonu. Suka yi min tambaya biyu uku, suka gane aikin bai je ko'ina ba. Da aka watse Farfesa ta ce in biyo ta. Ta sallami masu layi, ta rufe ƙofa, ta haɗa min shayi da hannunta, sannan ta tambaye ni tun yaushe na san hanyar ba ta yi. Na ce tun farko-farko. Sai ta ce, "Na ba ki shawarar nan ne don ki gwada ki dawo ki ce min ta yi ko ba ta yi ba. Ke ce a tsaye a kan aikin, ni ina ofis. Kin bar ni ina tafiya a kan hanyar da kika san ba ta ɓullewa, kuma kina kiran wannan ladabi."

Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Na zauna ina hawaye a cikin shayin mutane. Ta ce in share, su ma Malay suna da irin kunyar nan, ita ma ta sha fama da ita lokacin da ta je karatu waje. Daga ranar ta kafa min doka: kada in ƙara shigo mata ofis sai da abu ɗaya da ban yarda da ita a kansa ba. Zuwan farko gumi na yi ta yi a cikin sanyin na'ura, kamar wadda za ta zagi uwarta. Ta saurara, ta ce wannan karon ni ce ban da gaskiya, ta nuna min dalili, kuma sama ba ta faɗo ba. Aka sake aikin daga tushe. Abin da ya sa muka wuce lokacin da muka ɗiba ke nan, har Abbanki ya koma kan kasuwancinsa yana zuwa yana komawa, ku kuka zama 'yan garin nan.

To in babbar kika ɗauka, ki riƙe wannan: babu wanda zai zo neman ki. Za ki iya shekara huɗu a kujerar baya, ki shiga ki fita, a ba ki takardarki, ba malami ɗaya da zai iya nuna ki a cikin taro. Kuma na san ki, kujerar baya ce wurin zamanki, ko a walima can nake tsinto ki kusa da takalma. Ki matsa gaba. Ki bi layin nan na ƙofar ofis ko da ya kai bene, in aka zo kanki kada ki ce aiki yana tafiya alhali a tsaye yake. Akwai kayan aiki a jami'ar nan da ƙaramar kwaleji ba za ta taɓa mallaka ba, akwai manyan malamai, amma sai wanda ya ƙwanƙwasa ake buɗe wa. Abin da ya ja hankalina game da ƙaramar kuwa shi ne abin da matar nan mai ɗaukar ɗalibansu ta faɗa ranar da kuka yi hira ta kwamfuta ina laɓe a kicin ina ji: wai 'yan kaɗan ne a aji, a zagaye teburi ɗaya, kuma kowa sai ya yi magana. Na ce a raina, nan ne za a yi maganin Walida. Sai kuma na ce, ko kuma nan ne za ta shiga uku.

Na san abin da ake faɗa a benen nan. Maman Sadik ta ce karatun kame-kame ne, a taɓa nan a taɓa can. Abbanki kuma ya tambaye ni a waya, to in ta gama me za a kira ta? Kada ki raina tambayar nan don ta fito daga bakin ɗan kasuwa. Wata rana gida za ki koma, ko ba jima ko ba daɗe, kuma a gida suna ake tambaya: likita ce, injiniya ce, lauya ce? In kika tsaya kina bayanin kin karanta ɗan wannan da ɗan wancan, kafin ki gama mai ɗaukar aiki ya kira na bayanki. Ki rubuta musu ki tambaye su, ba kunya, waɗanda suka gama a wajensu ina suke yanzu, me suke yi, kuma in mutum yana son ya zarce a kimiyya yaya ake yi.

Amma kuma ni da na kama fanni ɗaya na rufe ido, ga abin da ya same ni. Ranar da na kare kundina, bayan an gama tambayoyi masu zafi, wani baƙon farfesa da aka gayyato ya ga an rubuta Kano a takardata, fuskarsa ta washe. Ya ce ya karanta labarin marinar garinmu, yana so in ba shi labarin yadda ake haɗa baba da toka a rami, da inda ake kai ruwan in ya gama aiki, da yadda turkuɗi, rinannen yadin nan mai sheƙi, ya riƙa ƙetare sahara. Hira kawai yake so, ba jarrabawa ba ce. Walida, ta gefen marinar nan nake wucewa zuwa makaranta tun ina yarinya, ina toshe hanci. Na ƙare ƙuruciyata a kan ruwan rini, amma na ƙasar wasu. Na yi masa murmushi na ce ai abin da daɗewa. Ban faɗi jarrabawar ba, an ba ni digirina, amma na fito ina jin kunyar da ban ji ba ko ranar da asirina ya tonu. Duk abin da ba ya cikin jarrabawa na ɗauke shi ɓata lokaci, tarihi kuwa cewa nake na malalata ne. Ko ina kika je, ki bar wa kanki ɗan wuri na karanta abin da ba a tilasta miki ba.

Kada kuma ki ji ina zolayar daddawa ki ɗauka zama kusa da naka ba komai ba ne. Ranar da aka bugo waya aka ce Hajiya mahaifiyata ta rasu, ina tsakiyar aiki ba halin tafiya, kin ga abin da ya faru a gidan nan da idonki. Kafin la'asar falo ya cika. Maman Sadik da nake cewa ta cika sa ido, ita ta kwashe ku ta kai gidanta, ita ta yi ta aiko da tuwo har aka share makoki, ban ɗora tukunya ba. A nan in kika sa hijabinki kika shiga jirgin ƙasa na LRT ba mai waiwayen ki. Kiran salla na iso ki har gado, duk kedai, wato shagon da kika shiga, ki ci abinci ba tambaya. A can fa? Ban sani ba, kuma rashin sanin ne ke hana ni sukuni. Ki tambaye su ko akwai Musulmi ko da 'yan kaɗan ne, ina suke salla, me suke ci, yaya suke yi da azumi in rana ta yi tsawo, wa zai kai ki asibiti in kin kwanta. In suka yi ta kewaye-kewaye, wannan ma amsa ce.

Sai dai ni na wuce gona da iri a zaman cikin namu. Shekara nawa muna garin nan, Malay ɗina bai wuce na cefane ba. In mai gidan da muke haya ya zo, ke nake turawa. In aka kira daga makarantar ƙannenki, ke nake miƙa wa waya. Tsohuwar nan 'yar Malay da ke ƙofa da ƙofa da mu ta gayyace ni cin abincin sallah ya fi a ƙirga, kullum in ce insha Allahu, har ta tashi ta koma wajen 'yarta a Sentul ban taɓa taka falonta ba. In kin zauna a nan, kada ki gaji wannan. In kin tafi can, ki nemi naki ki riƙe, amma kada ki rufe ƙofa a kansu.

Na yi ta leƙen fuskarki kwanakin nan ko zan gane da kaina, na kasa. Na gan ki kin buɗe hoton ɗakin karatunsu na can, mai manyan tagogi, kin daɗe kina kallo, da kika ji motsina kika rufe. Na kuma ji ki da ƙawayenki a waya kuna rabon gadaje a ɗakin kwanan jami'ar nan, kina dariyar da na daɗe ban ji ba. To wacce ce ke? Ni na haife ki, amma ban sani ba, kuma na san dalili. Tun kina ƙarama in kika fara "amma Umma", da ido nake katse ki. Da kika zo kina sakandare kika ce kina son shiga ƙungiyar muhawara, na ce surutu ne, ki je lesin ɗin lissafi. Kika ce to. Na ji daɗi a lokacin, har na ba da labari. Abin da Farfesa ta sha wahala ta cire min a ofis, shi nake dawowa gida ina dasa miki, ban ko lura ba.

Abbanki ya zame, ya ce shi addu'a ce tasa, mu gama mu faɗa masa jirgi zai nema ko bas. Saura ni da ke. Na yi tunanin in yi shiru in ce ba ni da ra'ayi, amma ƙarya ne, kuma kin fi kowa iya karanta fuskata, za ki zauna kina lissafin abin da zai faranta min ki kawo min shi a matsayin naki. Gara in ajiye miki shi a fili ki gan shi.

Ina so ki zauna. Ga shi na faɗa. Ba don jami'ar ta fi ba, ni dai ina so in ji makullinki a ƙofa ranar Juma'a da yamma, ki shigo da jakar wanki kina cewa yunwa kike ji. Ina so in zazzaɓi ya kama ki in hau bas in zo. Ina tsoron sanyin can, ina tsoron nisan, ina tsoron ki dawo min wata daban da zan riƙa jin nauyin yi wa faɗa. Son kai ne, na sani, kuma ba na jin kunyarsa, ke ce 'yata ta fari.

Amma kuma jiya da na tashi daga aiki, ƙafata ta kai ni shagon gwanjon nan na bayan tasha, na tsaya ina ɗaga rigunan sanyi a garin da ko bargo ba ma rufa. Mai shagon ta tambaye ni ƙasar da za ni, na ce ba ni ba ce. Na ɗauki wata mai kauri, ruwan toka, na gwada tsawon hannunta da nawa na ƙara kaɗan, tunda kin fi ni tsawo. Tana ƙasan akwatina. Kada ki ce wannan ma umarni ne. In kin zauna, Abbanki ya samu ta zuwa ƙasar Sin saro kaya, ko da hannun ya ɗage masa.

To kin ga uwarki, zuciya ta ce zauna, ƙafa ta je ta sayo riga. Ba abin da za ki tsinta a wajena ki fake da shi. Ki yi istihara, ki yi tambayoyinki, sannan ki same ni kafin wa'adin ya cika, ki zauna, ki ɗago kai ki dube ni ki faɗa. In kika ce nan, zan tambaye ki dalili, kuma "saboda ke" ba dalili ba ne, zan mayar da ke ki sake shiri. In kika ce can, zan yi kuka, wataƙila ma in tashi in hau ki da faɗan kwanuka. Ki bar ni in yi, kada ki janye ko kalma ɗaya. Zai wuce, kuma ni zan ɗaure miki kaya da hannuna.

Allah Ya zaɓa miki mafi alheri, Ya sa ki gane shi in kin gan shi. Ya tsare min ke a cikin taro da cikin kaɗaici, a zafi da sanyi, Ya haɗa ki da malamai masu tausayi da abokai masu tsoronSa, Ya tsare miki sallarki da mutuncinki, Ya dawo min da ke lafiya daga duk inda kika nufa. Akwai kuma addu'a ɗaya da ban taɓa jin wata uwa ta yi wa 'yarta ba, ni ma da kyar ta fito, amma na yi ta a sujada yau da asuba kuma zan ci gaba: in a'a ce a ranki, Allah Ya ba ki ƙarfin halin da za ki dubi idona ki ce min a'a. Na yafe miki ita tun kafin ki faɗa.

Wassalam.

Ummanki